Na gwada shi da fim, amsarsa ta hana ni barci

Assalamu alaikum, Anti. Shekaruna 20. Na samu gurbin karatun harhaɗa magunguna a wata jami'a mai nisa da gida, tare da tallafin da zai ɗauke kuɗin makaranta. Karatun shekara 5 ne, kuma mako uku aka ba ni in ce na karɓa ko ban karɓa ba. Akwai wanda muke tare shekara biyu ke nan. Yana da aikin yi, iyayenmu duk sun san da maganar, burinsa a yi aure cikin shekarar nan. Ya san na nemi makarantar, amma har yau ban gaya masa takarda ta fito ba.

Makon jiya ni da yayata muka kalli wani fim na wata yarinya da ta samu tallafin karatu a gari mai nisa, saurayinta ya roƙe ta ta zauna, ita kuwa ta tafi. Bayan shekaru ta dawo da digirinta, suka haɗu a tasha yana riƙe da ɗansa, suka gaisa kamar baƙi. Na yi kuka sosai. Yayata, wadda ta bar jami'a a aji biyu da alkawarin za ta koma bayan aure kuma har yanzu ba ta koma ba, cewa ta yi in tafi kada in waiwaya. Mama da ta ga ƙarshen ta ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma miji nagari ba kullum ake samunsa ba. Baba ya ce zaɓi nawa ne, bai ƙara ba.

Sai na tura masa fim ɗin don in ji me zai ce. Da ya kalla ya rubuto mini cewa yarinyar ba ta da amana, da tana sonsa da gaske da ba ta hau motar ba, kuma shi dai ba zai iya zaman jiran mace shekara da shekaru ba. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Ina sonsa, Anti, kuma ban san shi da wani mugun hali ba. Amma karatun nan tun ina ƙarama nake mafarkinsa. Shin amsarsa ta isa in gane ba zai bar ni in yi karatu ba? In haƙura da shi ne, ko in haƙura da makarantar?

Ƙanwarki da ta rasa tudun dafawa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kafin mu shiga magana, barka da arziki. Na karanta wasiƙarki daga sama har ƙasa ban ga inda wani ya tsaya ya ce miki barka ba, kowa ya zarce kan batun tafiya ko zama. Gurbin harhaɗa magunguna ba a tsintarsa a hanya, balle a haɗa miki da tallafi. Dararen da kika hana idonki barci kina bita su suka haifar da wannan takarda, kuma ya kamata ki ji daɗinta ko na yini ɗaya ne kafin damuwa ta lulluɓe ta.

Bari in ba ki amsa tun yanzu, dalilai su biyo baya. Saƙon da ya turo miki bai isa ki yanke masa hukunci ba. Gurbin kuma kada ki sake shi.

Mu fara da abin da kika yi, domin a nan ƙullin yake. Kina da babban labari, kina jin nauyin faɗa, sai kika aiki fim ya je ya faɗa miki. Na gane dabarar: in ya yi fushi, da yarinyar fim ya yi, ba da ke ba. Amma dubi abin da ta haifar. Ko dai bai gane hannunka-mai-sanda kike yi masa ba, ya ga an bar namiji ɗan'uwansa a tasha ya tausaya masa, ya faɗi abin da ya zo bakinsa kamar yadda kowa ke yi bayan kallo. Ko kuma ya gane sarai, kuma wannan na fi zato, tunda ya san kin nemi makarantar. In haka ne, duba ta wajensa. Wadda yake shirin aura ta turo masa labarin yarinyar da ta tafi ta bar saurayinta, ba ta ce uffan a kai ba. Me zai ɗauka in ba sallama ake yi masa a fakaice ba? Wanda aka yi wa habaici kuwa da habaici yake ramawa. Ke kin ɓuya a bayan yarinyar, shi ya ɓuya a bayan saurayin, kuka yi faɗanku kuka gama babu wanda ya ambaci sunan jami'ar.

Ban ce ki share abin da ya faɗa ba. Wanda ya ga yarinya ta tafi karatu ya kira abin cin amana, akwai wani abu a ransa, ko game da nisa ko game da karatun mace, kuma dole ki san wanne ne. Ki riƙe maganar a zuci, ki ga ko zai maimaita ta ranar da kuka zauna ido da ido, ya san ke ake nufi.

Fim ɗin kuma, ku huɗu kuka kalli abu ɗaya kowa ya tashi da nasa, kuma masu sana'ar sun daɗe da sanin haka ake yi. Wajen 1920 wani mai shirya fim ɗan Rasha, Lev Kuleshov, ya ɗauki hoton fuskar wani ɗan wasa wadda ba fara'a ba fushi a cikinta. Ya jera ta da kwanon miya, ya sake jera ta da akwatin gawar yarinya, ya sake jera ta da wata mace a kishingiɗe. Masu kallo suka yi ta yaba ƙwarewar ɗan wasan, wai a nan ya nuna yunwa, a can baƙin ciki, a can sha'awa, alhali fuska ɗaya ce ba a canza komai ba. Har yau ana koyar da gwajin a makarantun fim. Idan hoton da aka ajiye kusa da fuska yana sauya yadda ake karanta ta, ina ga abin da mai kallo ya shigo da shi a ransa? Yayarki ta kalli yarinyar ta hango motar da ita ba ta hau ba. Mama ta hango 'yarta tsaye a tasha, ga digiri babu gida. Shi ya hango kansa ana ɗaga masa hannu. Kowannensu gaskiyar ransa ya faɗa, amma a kan nasa ciwon yake magana.

Ke fa? Kin ce kin yi kuka sosai, ba ki ce wa kika yi wa kukan ba. A ina hawayen ya fara zuba, lokacin da ta buɗe takardar, ko da mota ta tashi, ko a gaisuwar ƙarshe? Da a ce an ƙare fim ɗin da ta yaga takardar ta zauna, da sanyin zuciya za ki tashi ko da ƙunci? Ki amsa wa kanki wannan ke kaɗai, ba sai kin gaya wa kowa ba.

A shekarar 2000 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Melanie Green da Timothy Brock, sun wallafa binciken da ya nuna cewa iya nutsewar mutum cikin labari, iya sauƙin karɓarsa ga abin da labarin ke nunawa ba tare da gardama ba. Abin da fim ɗinku ya zura miki ba ki ankara ba shi ne wai hanya biyu ce tak, ko mota ko saurayi. Marubucin dole ce ta sa shi. Awa biyu gare shi, kuma ba mai zama ya kalli yarinya tana cike takarda a ofishin magatakarda, ko iyaye suna lissafin wace shekara ta fi dacewa da biki. Sai ya yanke hutun zango, ya yanke kiran waya, ya yanke duk wani zaman sulhu, ya sa kiɗan da zai matso hawaye. Irin wannan labari ma gado ne daga zamanin da zaɓin ya kasance na tilas. Jami'ar Oxford ba ta fara ba mata digiri ba sai 1920, Cambridge sai 1948. A yawancin ma'aikatun gwamnatin Birtaniya, har zuwa 1946, mace in ta yi aure ajiye aiki take yi, a Ireland kuwa dokar ta kai 1973. Su doka ce ta ce musu ko wannan ko wancan. Ke abin da ke gabanki lissafi ne, na lokaci da nisa da kuɗi da wanda zai ɗauki wane nauyi, kuma lissafi zama ake yi a yi shi.

Ga dalilin da ya sa na ce kada ki saki gurbin. Ranar aure ana ɗaga ta, ana matso da ita, kullum ana yi. Gurbi kuwa rana ɗaya aka yanka masa, in ta wuce sunan wanda ke bayanki a layi za a kira. Tallafi ya fi gurbin ma saurin kuɓucewa, domin ba mai ba ki tabbacin za ki sake dacewa baɗi. In kin karɓa yau, gobe kuka zauna kuka ga wata hanya ta fi, kina iya janyewa, sai dai ki karanta sharuɗɗan tallafin tukuna, don wasu sukan nemi a mayar musu da abin da suka kashe. In kin ƙi yau, gobe nadama ta zo, ba ofishin da za ki je. Ki kuma tuna a hannun Baba kike har yanzu, shi kuma ya ce zaɓi naki ne. Wanda kike so mai neman aure ne. Haƙƙinsa a kanki ki gaya masa gaskiya da wuri, ki saurare shi da mutunci. Bai kai ga matsayin bayar da izini ko hanawa ba tukuna.

Sai dai kada wannan ya sa ki raina maganar Mama, akwai gaskiya a cikinta. Harhaɗa magunguna ba karatun sha-yanzu-magani-yanzu ba ne. Akwai ɗakin gwaji da ake shiga da safe a fito da yamma, akwai ilimin sinadarai da na sassan jiki da na yadda magani ke aiki a jiki, akwai horo a asibiti, kuma galibi ana ƙirga halarta, wanda ya rasa darussan gwaji da yawa ba a barinsa ya zauna jarrabawa. Ki ɗora laulayin ciki a kan wannan, ko jaririn da ya kwana yana kuka daren jarrabawa. Mata suna yi, suna kuma fita da sakamako mai kyau. Amma duk wadda kika ga ta yi, in kin leƙa bayanta za ki tarar wani ya riƙe mata wani abu.

Ɗauki Marie Curie, shahararriyar masaniyar kimiyya 'yar asalin Poland, wadda ake yawan kafa misali da ita. A Warsaw, inda ta tashi, jami'a ba ta ɗaukar mata a lokacin. Sai ita da yayarta Bronya suka ƙulla yarjejeniya: ita za ta yi aikin koyar da yara a gidajen masu hali, ta riƙa tura wa yayar kuɗi ta karanta likitanci a Paris, in yayar ta gama ita ma ta tallafe ta. Haka aka yi, sai a 1891 ta isa Paris tana wajen shekara 24. Da Pierre Curie ya nemi aurenta ba ta amsa nan take ba, don niyyarta ta koma ƙasarsu ta yi aiki. Shi kuwa ya ce a shirye yake ya bi ta Poland, ko da koyar da Faransanci zai koma yi. Suka yi aure a 1895, ta haifi 'yarta ta fari a 1897, ta kammala digirin digirgir a 1903, shekarar da suka samu kyautar Nobel. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wa ke riƙe da jaririyar sa'ad da uwar ke ɗakin gwaji. Surukinta ne, mahaifin Pierre, wani likita da matarsa ta rasu jim kaɗan bayan haihuwar, ya dawo gidansu da zama ya rungumi renon jikarsa. Yaya ta biya, miji ya ce a shirye yake ya bar garinsu, suruki ya yi reno. Tambayar da za ki ɗauka daga nan ki kai wa naki mutumin ita ce, me zai iya saukewa daga nasa don naki ya yiwu?

Kafin ki zauna da shi, ki zauna da yayarki. Shawara ta riga ta ba ki, yanzu labari za ki nema, dalla-dalla. Wa ya yi alkawarin, a gaban wa? An faɗi shekarar komawa, ko "in an natsu" aka ce? Me ya fara tarewa, ciki ne, kuɗi ne, nisa ne, ko mijin ne ya sauya magana? Ta rubuta wa makarantar ta nemi hutun karatu a hukumance, ko daina zuwa kawai ta yi? Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci, domin jami'o'i suna da iyakar shekarun da ɗalibi zai yi kafin rajistarsa ta mutu, kuma akwai matan da ba miji ne ya hana su ba, jira suka yi ta yi har wa'adi ya cika ba su sani ba. Ki yi tambayoyin a hankali, miki kike taɓawa. Ki kuma sani "kada ki waiwaya" ɗin nan rabinta da kanta take. Mijinta daban, naki daban.

To, ga hanyoyin da fim bai nuna ba. Wadda na fi karkata gare ta ita ce ki tafi, iyaye su tsayar da magana, a sa lokaci sananne maimakon "sai kin gama". Shekara 5 a dunƙule tana da ban tsoro ga mai jira, amma "bayan jarrabawar aji biyu" ko "a dogon hutun aji uku" abu ne da mutum zai iya ƙirgawa da yatsu. Kafin nan kin san makarantar, kin auna nauyin karatun, kin san ko za ki iya haɗawa, shi ma ya ga ko nisa ya canza ki kamar yadda yake tsoro. Ana kuma iya yin auren kafin ki tafi ko a hutun farko, ki yi karatun da aurenki. Yana yiwuwa, amma sai an amsa tambayoyi marasa daɗi tun yanzu. Ina za ki zauna? Zai nemi canjin wurin aiki ne ko ziyara za a riƙa yi, kuma wa zai biya kuɗin hanya? Me kuka yanke game da haihuwa a shekarun farko, in ta zo wa zai riƙe? In ya ce a bar wa Allah, ki ce masa ai ga Allah aka dogara, amma ba a fafe gora ranar tafiya.

Wasu jami'o'in suna yarda a jinkirta shiga da shekara ɗaya. Ki tambaya a rubuce, ki kuma tambayi masu tallafin daban, don makaranta na iya yarda su kuwa su ƙi. Ni dai wannan hanya ba ta kwanta mini ba a halin da kike ciki. Shekarar da za ki jinkirta ita ce shekarar amarci, kuma fita daga sabon gida zuwa ɗakin kwanan ɗalibai ya fi fita daga gidan Baba wuya nesa ba kusa ba. Ki bincika kuma ko akwai jami'a a kusa mai wannan fanni da ke karɓar canjin makaranta bayan shekarar farko. Wani zai ce miki ai akwai karatu daga gida ta intanet. Akwai, ya kuma taimaki mata da yawa, amma ba a koyon haɗa magani ta waya. Mai ba ki wannan shawara canjin fanni yake nufi, sai ki auna ta a haka.

Zaman da shi kada ya wuce makon nan, kuma kada a yi shi ta saƙo. Ki fara da ba shi haƙuri kan ɓoye-ɓoyen, don ya cancanci haka. Ki ce masa wani abu kamar: "Takardar makarantar nan ta fito tun kwanaki. Na kasa gaya maka don ina tsoron abin da za ka ce, shi ya sa na tura maka fim ɗin, kuma ban kyauta ba. Ina son karatun nan, ina kuma son aurenmu. Niyyata in karɓa. Ina so mu zauna mu ga yadda za a yi." Daga nan ki yi shiru. Kada ki cike shirun da rantsuwa ko kuka ko janye magana. In ya ce a ba shi kwana biyu ya yi tunani, ki ba shi, ai ke ma kin sha naki kwanakin.

Sai ki kasa kunne, don "a'a" ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai cewa ina tsoron nisa, ina tsoron ki haɗu da wani, na gaji da zaman kaɗaici, gida sun dame ni da maganar aure. Wannan ciwonsa yake faɗa, kuma duk abin da ya lissafa ana iya zama a nemo masa mafita. Kada ki raina tsoronsa. Namijin da ya shirya, ya tara abin da zai tara, ya ƙwallafa rai a kan shekarar nan, in aka ce ya ƙara jira ba ƙaramin abu aka nema a wurinsa ba. Akwai kuma mai cewa me za ki yi da digiri tunda zan riƙe ki, ko in kina sona ki yaga takardar, ko ki zaɓa yau, ni ko makaranta. Wannan ko jami'ar a bayan gidansa take sai an samo wani dalili. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne mai daɗin baki: "Haba, ai ni da kaina zan kai ki makaranta bayan biki." Kada ki ƙaryata shi. Tambaye shi kawai, wace makaranta, wace shekara, da wane kuɗi tunda tallafin ya tafi. Mai niyyar gaske zai zauna ya yi lissafin tare da ke. Marar niyya haushi zai ji, ya ce ashe ba ki yarda da shi ba.

Duk abin da kuka cim ma, kada ya tsaya tsakaninku biyu. A faɗe shi a gaban Baba da wani babba daga wajensu, a rubuta, kowa ya riƙe nasa. Na san takarda ba ta juya zuciyar mutum, amma tana hana a wayi gari a ce ba haka aka yi ba, tana kuma ba Baba abin kamawa ranar da zai tsaya miki.

Baban ma ki koma wurinsa. "Zaɓi naki ne" wani lokacin amincewa ce, wani lokacin kuwa uba ne mai ra'ayi yake gudun a ce ya tilasta. Ki ce masa, "Baba, na ji ka bar mini zaɓi, na gode, amma ina so in ji abin da ke ranka." Mama kuwa tsoro ne ke magana da bakinta, kada 'yarta ta kai 25 da takarda a hannu mutane suna tambayarta yaushe. Gardama ba ta cire irin wannan tsoro. Ki nuna mata tsari: ga lokacin da aka sa, ga inda za ki zauna, ga wanda zai riƙa leƙa ki. Sannan ki nemi albarkarta a kai.

Yana yiwuwa ki yi duk wannan ya ce shi dai ba zai iya ba. Haƙƙinsa ne, kuma faɗar haka a fili ta fi alkawarin ƙarya mutunci, don haka kada ki mai da shi mugu a bakin ƙawaye. Zai yi zafi. Ba zan ce miki za ki samu wanda ya fi shi ba, ban san gaibu ba, ba kuma zan ce zangon farko a makaranta zai yi miki daɗi ba. Abin da zan iya faɗa shi ne, mutumin da aka ba jiran shekara biyu ya ƙi, aka ba aure ana karatu ya ƙi, aka ba canjin makaranta ya ƙi, sai dai ki ajiye, ya nuna miki yadda sauran shawarwarin gidanku za su riƙa ƙarewa, na aiki, na tafiya, har na karatun 'ya'yanki mata.

In kuma kin natsu kika ga auren ne ranki ke so yanzu, karatun ya rage miki armashi, ba wanda ya isa ya ce kin yi wauta, har ni. Ya dai zama don kina so ne, ba don saƙonsa ya firgita ki ba. Amma a wasiƙar da ke gabana ban ga alamar ranki ya bar karatun nan ba.

Gobe da safe ki rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai da masu tallafin. Ki tambayi batun jinkiri, da hutun karatu ga mai ciki ko mai jego, da masaukin ɗalibai masu aure, da abin da zai biyo baya in kin janye. In sun amsa kafin zamanku, ki je da amsar a hannu. In sun yi jinkiri kada ki jira su. Takardar karɓa kuma ki aika ta saura kwana uku ko huɗu wa'adi ya cika, ko kun gama magana da shi ko ba ku gama ba, ki adana shaidar aikawa. Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ƙanwata.